Kafin A Tayar Da Tsohuwar Mota: Maganar Tsatsa Da Waya

A ƙasar Ingila akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar su sayi tsohuwar motar tsere wadda ta shekara hamsin ko fi, su yi ta gyaranta har ta koma kamar ran da ta fito daga ma'aikata. Wadda suka fi nema ita ce MGB, 'yar ƙaramar mota ta mutum biyu, wadda a ka riƙa ƙerawa a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da 500,000, mafi yawansu kuwa Amurka a ka kai. Sau da yawa mutum ya kan ga fenti yana walƙiya, ya ji inji yana kuka daidai, ya biya kuɗi, sai bayan wata guda ya tarar kuɗin gyara ya ninka kuɗin saye.

Dalili kuwa yana cikin ƙirar motar. Motocin da suka riga ta suna da firam na ƙarfe mai kauri a ƙasa, bodi kuwa ɗora shi kawai a ka yi a kai. MGB ba ta da wannan. Bodin shi ne ƙashin bayanta, gogaggun nata kuma ba su da rufin ƙarfe sai na tamfol. Saboda haka nauyin ya tattaru a kan dokin ƙofa na dama da na hagu, watau dogon akwatin ƙarfen nan da ya miƙe daga bayan ƙafar gaba zuwa ƙafar baya. Falle-fallen ƙarfe ne a ka haɗa da walda, har da wani a tsaye a tsakiya wanda ido ba ya gani. Da hunturu a kan zuba gishiri a hanyoyin Ingila don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan da laka su kan shiga akwatin su kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki. Kafin ta ɓullo waje ta kumbura fenti, ta riga ta gama ɓarna.

To, yaya mai saye zai gane? Ya fara da ƙofa. Ya rufe ta, ya dubi tsagar da ke tsakaninta da bodi. In tsagar ta matse daga sama ta buɗe daga ƙasa, ko kuwa ƙofar ta ƙi buɗuwa sa'ad da a ka ɗaga motar da jak, to, tsakiyar motar ta lotsa ke nan. Sa'an nan ya ɗauki mayen ƙarfe ya bi da shi a kan dokin ƙofa da gindin ƙarfen da ke rufe ƙafafu. Inda ya ƙi kamawa, ƙullun cike rami ne a ka shafa a ka bi da fenti. Ya ɗage shimfiɗar ƙasa, ya danna daɓen da sukudireba, ya kwanta ya leƙa inda sifirin na baya ya ke kama bodi. Mai motar da ya hana a ɗage shimfiɗa, ni a ganina ya riga ya ba da amsa.

Waɗansu masu ha'inci su kan lulluɓe ruɓaɓɓen dokin ƙofa da sabon falle, su bar ɓarnar a ƙarƙashi. Gyara na gaskiya sai an yanke gindin ƙarfen gaba da na baya, an tokare bakin ƙofa don kada motar ta karye, an sāke fallayen ɗaya bayan ɗaya. Aikin makonni ne. In ruɓar ta yi yawa, akwai mafita: tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ya ke buga sabon bodin MGB da ainihin kayan ƙirar da a ka yi na farko da su. Sai dai kuɗinsa ya kan fi na motar da a ka saya.

Maganar waya ta fi ban tsoro a baki, amma ta fi sauƙi a aljihu. Kayan lantarkin motar na kamfanin Lucas ne na Birmingham, wanda Turawa su ke yi wa ba'a suna ce masa Sarkin Duhu. Ban ga adalci cikin wannan suna ba. Yawancin laifin na tsufa ne, da na hannuwan da suka yi ta ƙulle-ƙulle shekara da shekaru. Wayoyin suna da ƙa'idar launi. Mai ruwan ƙasa tana da wuta kullum, ba ta kuwa bi ta fis ba. Ita ce mai jawo gobara in robarta ta tsage. Fara tana samun wuta in an murɗa makulli, kore ma haka amma ta bayan fis. Shuɗiya ta manyan fitilu ce, ja ta ƙanana, baƙa kuwa ita ke mai da wuta ga bodi. Wanda ya ga launin da ba ya cikin ƙa'ida ya san wani ya yi kutse.

A lura da shekarar motar kafin a sa batir. Kafin ƙarshen 1967, kan batir mai alamar tarawa shi a ke ɗaurewa a bodi. Daga nan a ka juya zuwa mai alamar ɗebewa. Wanda ya juya su zai ƙona kaya. Har zuwa 1974 kuma batir biyu ne a bayan kujeru, a wurin da ruwan batir da na hanya su ke cin mazauninsu.

A nan ne cututtukan biyu su ke haɗuwa. Wuta ba ta aiki sai ta koma batir, hanyar komawarta kuwa ita ce ƙarfen bodi. In tsatsa ta shiga inda baƙar waya ta ke ɗaure, sai wutar ta nemi wata hanya: a taka burki, fitilar sigina ta kama, ko fitila ɗaya ta dushe. Mutum ya sayi sabon fitila a banza, alhali kuwa kankare ƙarfe ne magani. Sabuwar ɗamarar waya dukanta a kan same ta a kasuwa, mai haƙuri ya sa ta cikin 'yan kwanaki. Amma kada a sa ta sai mai walda ya gama aikinsa, gama zafin walda ya kan narkar da robar sabuwa kamar yadda ya ke narkar da ta tsohuwa.