Kuskuren da Ba a Yi wa Tanadi Ba a Cikin Manhaja

Manhajar kwamfuta jerin umarni ce, kuma mai rubuta ta yakan yi hasashen wuraren da aiki zai iya cijewa, ya tanadi abin da za a yi in hakan ta faru. Idan matsala ta ɓullo ta inda bai yi tsammani ba, sai manhajar ta tsaya cik. Wannan shi ne kuskuren da ba a yi wa tanadi ba.

Alal misali, mu ɗauki mazaɓar tarayya ta Batsari, Safana da Ɗanmusa a zaɓen 25 ga Fabrairu, ranar da aka haɗa na shugaban ƙasa da na majalisar tarayya a 2023. Ana ɗaukar hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, a aika shi rumbun IReV na Hukumar Zaɓe. Bisa ga rahoton da hukumar ta fitar a 2024, manhajar rumbun takan fara neman jihar da zaɓe ya shafa, sannan ta buɗe masa ma'ajiya. Takardar ɗan majalisar Batsari tana da gida, watau Jihar Katsina. Amma zaɓen shugaban ƙasa ba na kowace jiha ba ne, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardunsa, ta riƙa mayar da saƙon kuskure, har dare ya yi kafin a shawo kanta. Zaɓukan gwamna na Ekiti da Osun a 2022 ba su tona wannan rauni ba, domin kowannensu yana da jiharsa. Ko jama'a sun gamsu da bayanin hukumar, wannan wani zance ne daban.

To, yaya ake binciken irin wannan? Aikin bin sawu ne. Manhaja in ta faɗi takan bar jerin matakan da ta bi, daga umarnin farko zuwa layin da ta tuntsure. Mai gyara sai ya sa ta tsaya daidai wannan layi, ya duba abin da kowane gurbi ke ɗauke da shi a lokacin. A misalinmu, gurbin jiha zai tarar wayam. Sau da yawa layin da ya faɗi ba shi ne mai laifi ba. Ɓarnar tana can baya, inda aka ɗauka kowane zaɓe yana da jiha.

Wasu masu rubutu, don gudun faɗuwa, sukan sa manhaja ta haɗiye kowane kuskure ta yi gum. A ganina wannan ya fi muni, domin sawun ya shafe, takardu kuma sai su salwanta ba wanda ya sani.