Kafin a miƙa makulli: abubuwa takwas game da tantance ɗan haya

A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa ta birnin Yawunde, mai neman ɗaki yakan ji tambaya ɗaya tun kafin a yi zancen kuɗi: "Malam, wa ya turo ka?" Tambayar tana da tarihi, tana kuma da 'yan'uwa a ƙasashe da dama.

1. Unguwar bulo. Sunan Briqueterie daga Faransanci yake, ma'anarsa wurin buga bulo, saboda masana'antar da aka yi a wurin zamanin Turawan mulkin mallaka. Yau gidaje sun cushe, masu haya da yawa tsakar gida ɗaya suke, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. Shi ya sa ba aljihun mutum kaɗai ake dubawa ba, har da halinsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

2. Maigida shi ne shaida. A tsarin fataken Hausawa, baƙo ba ya neman masauki da ka. Yana sauka ne a hannun maigida, wanda zai ba shi makwanci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayar da kaya bashi. Idan baƙon ya ci amana, sunan maigidan ne ya ɓaci. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan fataken shanu da goro na Sabo a Ibadan. Irin wannan sanayya ce ake dogaro da ita a harkar dabbobi, kamar a kasuwar shanu ta Etoudi, unguwar da fadar shugaban Kamaru take.

3. Bashin haya na iya kai mutum kurkuku. Dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ta 2016, a sashe na 322-1, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun, ga wanda ake bi kuɗin wata biyu, aka yi masa gargaɗi, wata guda ya wuce bai biya ba bai kuma tashi ba. Amma da sharaɗi: sai an yi wa yarjejeniyar hayar rajista a hukumance. Mai gidan da ya tsaya kan alkawarin baka ba shi da wannan madogara.

4. Shago da dokarsa. Hayar shago ko wurin sana'a tana ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa a 1993, wadda sakatariyarta ke nan Yawunde. Ɗan kasuwan da ya cika sharuɗɗa yana da haƙƙin a sabunta masa haya. Don haka tun farko ya kamata a san wanda za a bai wa shago.

5. Kuɗin gaba yana da iyaka. A Ghana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata 6. A Legas dokar 2011 ta hana neman fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Tulin kuɗin gaba ba ya nuna gaskiyar mutum, talaka mai amana kawai yake kora.

6. Jamus da takarda. A can, mai gida yakan nemi rahoton Schufa, kamfanin da ke tattara tarihin bashin mutane tun 1927. Wasu ma sai an kawo musu shaida daga tsohon mai gida cewa ba ya bin ka ko sisi.

7. Japan da Ingila. A Japan sau da yawa sai ka kawo wanda zai tsaya maka, a wasu gidajen ma har da kuɗin godiya ga mai gida, wanda ba a mayarwa. A Ingila kuwa, tun 2016 wajibi ne mai gida ya tabbatar ɗan haya yana da izinin zama a ƙasar.

8. Bincike ba wariya ba ne. Tun 1968 dokar Amurka ta haramta hana mutum haya saboda launin fata, addini ko asali. Mu da kakanninmu suka sauka baƙi a Yawunde, Kumasi da Ibadan aka ba su wurin zama, mun fi kowa sanin darajar wannan.

A tambayi sana'a, a ga katin shaida, a ji ta bakin tsoffin maƙwabta, sannan a rubuta komai gaban shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Idan an gamsu, a miƙa makulli da fuska sake, domin daga ranar ɗan haya ya zama maƙwabci, kuma maƙwabci yana da haƙƙi.