Biskit Mai Wasiƙa a Cikinsa, da Yadda Ake Haɗa Shi da Cakulan

 

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa ƙasar Amurka, ya shiga ɗaya daga cikin gidajen abincin mutanen Sin da ke warwatse a biranenta da ƙauyukanta, to, idan ya ci ya ƙoshi, aka kawo masa takardar kuɗin abin da ya ci, zai ga an haɗo ta da wani ɗan biskit siriri mai garɗi, wanda aka ninke shi biyu sa'an nan aka lanƙwasa shi, idan kuwa ya karya shi sai ya tarar da 'yar takarda a ciki, ɗauke da jimla ɗaya ta nasiha, ko ta fatan alheri, ko ta da'awar abin da zai same shi nan gaba. Wannan biskit shi ne maudu'inmu a yau, da asalinsa, da yadda uwargida za ta toya shi a ɗakin girkinta ta ƙawata shi da cakulan, da kuma abin da ya dace a rubuta a cikinsa, domin a wurina wannan na ƙarshe shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Galibin mutanen Amurka sun ɗauka cewa daga ƙasar Sin abin ya zo, alhali kuwa mutanen Sin na can gida ba su san shi ba sai a bakin matafiya. Masu bincike sun bi sawunsa har zuwa birnin Kiyoto na ƙasar Japan, inda har yanzu akwai 'yan gidajen gashi a kusa da wurin ibadar Fushimi Inari da ke yin irinsa da hannu, suna zuba ƙullu a cikin ƙarafa masu dogon mariƙi suna juyawa a kan wuta. Wata mai bincike 'yar Japan, Yasuko Nakamachi, ta gano wani zane a cikin wani littafi da aka buga a shekarar 1878, wanda ke nuna wani almajirin sana'a yana gasa shi a kan garwashi. Na Kiyoto ya fi na Amurka girma da duhu, ana sa masa riɗi, takardar kuma a cikin lanƙwasar waje ake maƙala ta, don kada mai ci ya haɗiye ta bisa kuskure.

Baƙi 'yan Japan ne suka ƙetara da shi zuwa jihar Kaliforniya. Mutanen San Faransisko suna jingina shi ga Makoto Hagiwara, mai kula da lambun shayi na Japanawa a birnin, wanda yakan ba baƙinsa shi tare da shayi a farkon ƙarnin da ya wuce. Mutanen Los Anjalis kuwa suka ce a'a, wani ɗan kasuwa Basine mai suna David Jung ne ya ƙago shi a shekarar 1918. Gardamar ta yi tsawo har aka kafa wata kotun wasa a San Faransisko a 1983, alƙali ya ba birninsa gaskiya. Amma dalilin da ya sa sana'ar ta fita daga hannun masu ita abin tausayi ne ƙwarai. A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Amurka ta kwashe mutane 'yan asalin Japan kimanin 120,000, mafi yawansu kuwa haifaffun ƙasar ne, ta tsare su a sansanoni ba tare da an tuhume su da wani laifi ba. Gidajen gashinsu suka rufe, iyalin Hagiwara ma aka fitar da su daga lambun da suka raya. Sinawa suka ɗauki sana'ar, daga baya aka ƙera injin ninkewa, har ya zama a yau kamfanin Wonton Food na birnin Niyok shi kaɗai yana fitar da miliyoyi a kowace rana. Lalle ya kamata mai cin wannan biskit ya san cewa a bayan zaƙinsa akwai haƙƙin mutanen da aka zalunta, waɗanda aka raba da dukiyarsu, har sunan abin da suka ƙago ma ya koma ga wasu.

To, yanzu sai mu shiga ɗakin girki. Kayan haɗin kaɗan ne, kuma babu wanda ba a samu a kasuwa: farin ƙwai 2 ba tare da gwaiduwa ba, sukari rabin kofi, wato kimanin giram 100, fulawa rabin kofi, bota narkakke babban cokali 3, ruwa cokali 2 ko 3, da ɗan gishiri. Mai son biskit ɗin kansa ya ɗauki launin cakulan da ɗanɗanonsa sai ta ɗebe babban cokali ɗaya daga fulawar, ta mayar da gurbinsa da hodar koko, irin wanda ake nomawa a Kodebuwa da Gana da kudu maso yammacin Nijeriya. Game da ƙamshi kuwa, akwai abin lura ga Musulmi, domin yawancin ruwan banila da ake shigowa da shi daga ƙasashen Turai da Amurka da barasa ake tatso shi. Saboda haka a duba rubutun kwalba, ko kuwa a nemi na gari, wanda ya fi kwanciyar rai.

Kafin a fasa ƙwai, wajibi ne a rubuta takardun tukuna, a yanka su sirara, tsawon kowace kamar santimita 6, faɗinta kuwa 1, a jera su kusa da hannu, domin idan biskit ya fito daga wuta babu sauran lokacin neman alƙalami. A yi rubutun da fensir ko biro wanda tawadarsa ba ta jiƙewa, saboda maiƙo da tururi za su taɓa takardar.

Sai a kaɗa farin ƙwan har ya yi 'yar kumfa kawai, kada a matsa masa har ya tashi, domin iska idan ta yi yawa a cikin ƙullu biskit zai kumbura ya ƙi ninkuwa. A zuba sukari da bota da ruwa a gauraya, sa'an nan a tankaɗe fulawa da hodar koko da gishiri a kai, a juya har ƙullun ya yi sumul, yana zuba daga cokali ba tare da gudaji ba. A shafe tire da mai, ko a shimfiɗa masa takardar gashi, a ɗebi ƙullu cokali ɗaya a zuba, a baza shi da bayan cokali ya zama da'ira mai faɗin santimita 8, siririya iyakar iyawa, kaurinta daidai daga tsakiya zuwa baki. A sa a obin mai zafin digiri 180 na tsawon minti 6 zuwa 8. Wadda ba ta da obin tana iya gwadawa da tukunyar yashi da garwashi a kan murfi, kamar yadda ake gasa kek a gidaje da yawa, illa dai sai ta tsaya a kai, don abu ne mai saurin ƙonewa.

A nan ne hikimar aikin take, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke karaya. Sirrin kuwa yana cikin sukari. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai alewa ya ga yadda yake jan ta yana murɗawa tun tana da zafi, da zarar ta huce kuwa sai ta sandare ta koma karyewa. To, haka wannan biskit yake, yana fitowa daga wuta da laushi, amma a cikin daƙiƙoƙi kaɗan, waɗanda ba su kai rabin minti ba, zai taurare, wanda ya yi jinkiri sai ya ga ya tsage a hannunsa. Saboda haka kada uwargida ta yi kwaɗayin cika tire. Ta gasa biyu biyu, in hannu ya faɗa ta ƙara zuwa uku. Da ya fito, ta ɗaga shi da siririyar wuƙa ta kifa, ta ɗora takarda a tsakiya, ta haɗa baki da baki ta ɗan matse, sa'an nan ta ɗora tsakiyar ninkin a kan bakin kofi ta ja kunnuwan biyu ƙasa, ɗaya ciki ɗaya waje. Daga nan sai ta ajiye shi a cikin ramin tandar waina ko ƙaramin kofin shayi, domin ya riƙe siffarsa har ya huce. Zafin yana cin yatsu, ba a musu, safar hannu ta auduga mai tsabta kuwa tana rage shi. Wanda ya sandare kafin a ninke, a mayar da shi wuta na ɗan lokaci, zai sake laushi.

Mai koko a ciki yana da wata wahala tasa. Farin biskit shi da kansa yake shaida ya nuna, domin bakinsa yakan yi ja. Mai koko kuwa duhunsa yana ɓoye wannan alama, sai dai a duba ko ƙyallin samansa ya gushe, a taɓa bakinsa a ji ko ya bushe. Idan bayan ya huce aka ji yana tauri kamar fata maimakon ya yi ƙaras-ƙaras, to, ko dai ƙullun ya yi kauri ne, ko wutar ba ta ishe shi ba, maganinsa kuwa a jera su duka a mayar cikin obin mai ɗumi kaɗan na minti 10, su ƙarasa bushewa.

Hanya ta biyu ta haɗa shi da cakulan ita ce a bar biskit ɗin fari, a tsoma rabinsa a cikin narkakken cakulan, wanda ya fi kyau ga ido ƙwarai. A kakkarya cakulan a cikin busasshen kwano, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, a riƙa juyawa a hankali. A kiyaye kada ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki, domin ruwa kaɗan yana tattara sukarin da ke cikinsa ya dunƙule, ya zama ba ya tsomuwa. Ma'abota sana'ar sukan narkar da kashi biyu cikin uku, su sauke, sa'an nan su zuba ragowar su juya har ya narke, da haka cakulan yake daskarewa da ƙyalli da ƙarfi. Tun bai bushe ba a barbaɗa masa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Sai dai a tuna cewa man koko yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, don haka a bazarar Sakkwato ko Damagaram wannan ado ba zai tsaya ba, firji kuma raɓarsa tana sa biskit ya yi laushi. Ra'ayina shi ne a bar tsomawa sai lokacin hunturu, sa'ad da iska take bushe kuma da sanyi, a sauran watanni kuwa a sa koko a cikin ƙullu, a adana a cikin gwangwani mai rufuwa sosai.

Saura maganar takarda, wadda ita ce ruhin abin baki ɗaya. A Amurka an saba rubuta wa mutum cewa dukiya tana nan tafe gare shi, ko zai yi tafiya mai nisa, a bayan takardar kuma a buga lambobin caca; har ma a shekarar 2005 mutum 110 suka ci kyauta ta biyu a wata babbar caca a rana ɗaya, da aka bincika aka tarar daga irin waɗannan takardu suka kwafi lambobin. Wannan ɓangare ba namu ba ne. Sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai, shari'a ta hana zuwa wurin boka da ɗan duba da gaskata su, caca kuwa haramcinta a bayyane yake, bai kamata kuma a saba wa yara da da'awar sanin gobe ba, ko da da sunan wasa ne. Amma malamai sun bambanta tsakanin camfi da kyakkyawan fata, ya kuma tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana camfi, yana kuwa son kalma mai daɗi wadda mutum zai ji ta ƙarfafa masa zuciya. Wannan ita ce ƙofar da ta buɗe mana. Uwa tana iya rubuta wa ɗanta cewa ta ga ƙoƙarinsa a karatu, ta kuma yaba. Amarya ta gode wa ƙawayen da suka yi mata ɗawainiyar biki, kowace da sunanta. Maigida wanda nauyin baki ya hana shi yaba wa iyalinsa, ga hanya ta samu. Ƙanwar da ta saɓa wa yayarta ta nemi afuwa a cikin kalmomi biyar. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, sau da yawa alherin da ke cikin zuciya yakan tsaya a maƙogwaro shekara da shekaru, har mutuwa ta raba ba a furta shi ba, ina ganin kuwa duk abin da zai sauƙaƙa fitarsa, ko da ɗan biskit ne, bai cancanci raini ba.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo a kiyaye, shi ne kada a rubuta ayar Alƙur'ani, ko sunan Allah, ko na Manzonsa a kan waɗannan takardu, komai kyawun niyya, domin maiƙo zai ɓata su, yara za su yar da su a ƙasa, ƙarshensu kuwa kwandon shara. A tsaya ga maganar mutum da mutum, a rubuta ta da boko ko da ajami, yadda mai karɓa zai iya karantawa.

Ranar da za a miƙa wa baƙi kuma, a sanar da su tun kafin su kai baki cewa akwai takarda a ciki, a karya da hannu a zare ta tukuna, musamman tsofaffi da ƙananan yara waɗanda ba su taɓa ganin irinsa ba.