Matsayin Karatun Gida da Karatun Intanet a Dokar Ilimi

Muna sanar da iyaye, dagatai, masu unguwanni da jami'an ilimi na Garo da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo cewa koyar da yaro a gida, ko ta wayar salula, bai ɗauke wa uba nauyin sanya shi a makaranta ba.

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta Tarayya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare har ya kammala, wato shekaru tara ke nan. Wanda ya saɓa, karon farko gargaɗi ne. Karo na biyu dokar ta rubuta tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Kuɗin ba su da yawa a yau, amma laifin yana nan. Babu inda dokar ta ambaci karatun gida, balle ta tanadi hanyar yi wa zaure rajista a matsayin makaranta. Jihar Kano ma ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole a shekarar 2019.

Wasu na kafa hujja da shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, aka riƙa ba da darussa ta rediyo da talabijin. Wancan mataki ne na lalura, kuma da aka buɗe makarantu ɗalibai suka koma azuzuwansu.

Inda abin ya fi cizo shi ne takardar shaida. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin rajistarta, saboda haka yaron da ba shi cikin kundin kowace makaranta zai iya samun karatu amma ya rasa shaida. Karatun allo da na Islamiyya suna da darajarsu wadda babu mai musu, sai dai a haɗa su da na zamani.

Ga manya lamarin daban ne. Hukumomin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, haka kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a shekarar 2002, tana koyarwa daga nesa, kuma gwamnati ta amince da digirinta.

Duk wanda aka yi wa tallar wata makarantar intanet, ya fara tuntuɓar ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarsa domin a duba masa rajistarta kafin ya biya ko kwabo.