Saiwa da Lambar Sama a Ilimin Aljabara

Wani manomi yana da gona mai kusurwa huɗu, tsawonta da faɗinta daidai suke. Girman gonar murabba'in mita 900 ne. Idan yana son ya kewaye ta da shinge, dole ya san tsawon kowane gefe. Amsar ita ce mita 30, domin 30 sau 30 shi ne 900. Wannan lamba 30 ita ake kira saiwar 900, kuma ana rubuta ta haka: √900 = 30.

Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. A cikinsa ya yi amfani da kalmar Larabci mai ma'anar saiwa. Alamar √ kuwa ta bayyana a littafin wani Bajamushe, Christoff Rudolff, a 1525.

Yanzu mu dubi ƙaramar lambar da ake rubutawa a saman wata lamba. Mu kira ta lambar sama. A cikin 2³, lambar sama ita ce 3, ma'ana 2 × 2 × 2, wato 8. Akwai ƙa'ida guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe: idan an ninka 2² da 2³, sai a haɗa lambobin saman, a sami 2⁵, wato 32.

To, idan lambar sama ta zama rabi fa? Mu ɗauki 9^½. Bisa ƙa'idar nan, 9^½ × 9^½ zai ba mu 9¹, domin rabi da rabi ɗaya ne. Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta take ba da 9? Ita ce 3. Saboda haka 9^½ da √9 abu ɗaya ne. Haka kuma sulusi: 8^⅓ shi ne ∛8, wato 2, domin 2 × 2 × 2 = 8. Isaac Newton ya yi amfani da irin wannan rubutu a wata wasiƙa da ya rubuta a 1676.

Wani lokaci za mu ga 8^⅔. A nan kowace lamba da aikinta. Ta ƙasa, 3, tana nuna saiwar da za a ciro. Ta sama, 2, tana nuna sau nawa za a jera saiwar a ninka. Saiwar ita ce 2, kuma 2 × 2 = 4. Don haka 8^⅔ = 4. Fara ciro saiwa ya fi sauƙi, domin lambobin ba sa girma.

Ɗalibai da yawa sukan rasa maki a jarrabawa saboda kuskure guda: sukan ɗauka cewa 16^½ shi ne rabin 16, su rubuta 8. Wannan ba daidai ba ne, domin 8 × 8 = 64. Amsar gaskiya ita ce 4. Da manominmu ya yi irin wannan kuskure, da ya ce kowane gefen gonarsa mita 450 ne, ya sayi shingen mita 1,800 alhali 120 kawai yake bukata.

Tambayoyi
1. Mece ce saiwar 49?
2. Rubuta ∛27 da lambar sama, sannan ka nemo amsar.
3. Nemo amsar 16^¾, ka bayyana matakan da ka bi da Hausa.