Akwatin saƙon murya: ƙofar baya da masu kutse ke bi su shiga wayarka

Yawancin masu waya sun saki jiki cewa tun da WhatsApp da Telegram suna kulle saƙonni, babu mai iya jin abin da suke tattaunawa. Sai dai manyan badaƙalolin satar bayanai na shekarun baya sun nuna cewa mai kutse ba kasafai yake wahalar da kansa wajen fasa makullin ba. Yakan zagaya ta wata ƙofa da mai wayar ya manta da ita, wato akwatin saƙon murya da kamfanin sadarwa ke ajiye wa kowane layi, inda mai kira ke barin magana idan ba a ɗauka ba.

Yadda abin ya faro a Birtaniya

Shekaru da dama 'yan jaridar News of the World, mallakin Rupert Murdoch, suna sauraron saƙonnin murya na 'yan siyasa da 'yan gidan sarauta da taurarin fina-finai. Dabarar ba ta da wata wahala. A lokacin, kamfanonin waya kan bai wa kowane akwati lambar sirri irin 0000 ko 1234, kuma mutane ƙalilan ne ke canza ta. Ana iya buɗe akwatin daga kowace waya muddin an san lambar.

A Janairun 2007 aka ɗaure editan labaran gidan sarauta na jaridar, Clive Goodman, da mai binciken ƙwaƙwaf Glenn Mulcaire. Amma asiri bai tonu sosai ba sai a Yulin 2011, lokacin da jaridar Guardian ta bayyana cewa har akwatin wata yarinya 'yar shekara 13 da aka sace aka kashe a 2002 an shiga. Cikin mako guda aka rufe News of the World bayan shekara 168 tana fitowa. A 2014 kotu ta yanke wa tsohon editanta Andy Coulson, wanda ya zama kakakin Firaminista David Cameron, ɗaurin wata 18.

Brazil: lokacin da kiran intanet ya haɗu da akwatin murya

Kiran da ke bi ta intanet ya ƙara wa matsalar girma, domin wasu manhajojinsa suna bai wa mai kira damar nuna lambar da ya ga dama a matsayin tasa. Wannan sojan gona shi aka yi amfani da shi a Brazil a 2019.

Bisa binciken 'yan sandan tarayyar ƙasar, masu kutsen suna buƙatar Telegram ya aiko da lambar shiga ta hanyar kira. A daidai lokacin sai su cika layin mutumin da kiraye-kiraye, har kiran Telegram ya faɗa akwatin murya. Daga nan su kira akwatin da lambar mai layin ta bogi. Da yake a lokacin kamfanonin ƙasar ba sa tambayar lambar sirri idan kiran ya yi kama da na mai layi, sai akwatin ya buɗe, su saurari lambar, su shiga.

A Yunin 2019 kafar The Intercept Brasil ta fara wallafa hirarrakin da suka gudana tsakanin masu gabatar da ƙara da alƙali Sergio Moro, wanda ya yanke wa Lula da Silva hukuncin ɗauri. A 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce Moro ya nuna son rai a shari'ar, kuma a 2022 Lula ya sake lashe zaɓen shugaban ƙasa. Ko da fallasar ta amfani jama'a, hanyar da aka bi a lokacin a buɗe take ga duk mai mugun nufi.

Kiran da ba sai an ɗauka ba

Su ma manhajojin kiran suna da nasu raunin. A Janairun 2019 aka gano cewa ta kiran rukuni na FaceTime mutum zai iya jin abin da ake faɗa kusa da wayar da ya kira tun kafin a amsa, abin da ya sa Apple ya dakatar da tsarin. A Mayun shekarar WhatsApp ya sanar da cewa an yi amfani da wata kafa a tsarin kiransa wajen dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila. Kira kawai ya isa, ko ba a ɗauka ba. Kimanin mutum 1,400 abin ya shafa, ciki har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam. A Disamban 2024 wata kotun tarayya a California ta ɗora wa NSO alhakin kutsen.

Abin da mai waya zai iya yi

Ga matashin da ke shirya gangami ko tattara bayanan zaɓe a rukunin WhatsApp, kutse a wayarsa tonon asiri ne ga duk waɗanda suka amince da shi. Matakin farko shi ne canza lambar sirrin akwatin murya, ko a nemi kamfanin sadarwa ya rufe shi idan ba a amfani da shi. Na biyu, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Telegram, ta yadda lambar da aka aiko ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Na uku, a riƙa sabunta manhajoji da zarar sabon salo ya fito, domin ta haka aka toshe kafofin FaceTime da WhatsApp. Kada kuma a yarda da kira don kawai lambar da ta bayyana sananniya ce, kuma kada a karanta wa kowa lambar da manhaja ta aiko, ko da ya ce shi ɗan'uwa ne ko ma'aikacin kamfani.