Jeranta Sassa a Jadawalin Kayan Zanen Kwamfuta: Misali Daga Masu Walda na Kawo

1.0 Gabatarwa

Unguwar Kawo ita ce ƙofar Kaduna ta arewa, ta nan matafiyi daga Zariya da Kano yake shigowa gari. A gefen titunanta akwai rumfunan masu walda da ke ƙera ƙofofi da tagogi da hasumiyar tankin ruwa. A da, tef ɗin awo da alli sun wadatar da mai sana'a. Yanzu kuwa 'yan kwangila da matasan da suka karanta injiniyanci a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sukan zo da zanen da aka yi da kwamfuta, wanda ake kira CAD. Wannan maƙala ta duba wani ɓangare na zanen da ba a cika kula da shi ba, wato yadda ake jeranta sassa a jadawalin kaya.

2.0 Ma'anar Jadawalin Kaya

Jadawalin kaya shi ne teburin da ke ɗauke da lambar kowane sashe da sunansa da adadinsa da irin ƙarfen da za a yi shi da shi. Kowace lamba tana sake bayyana a jikin zanen cikin ɗan da'ira, da layi mai nuni zuwa sashen. Ƙa'idar ISO 7573 ta yi bayanin fasalin jadawalin. Ita kuwa ISO 6433 ta tanadi a ba sassa lamba bi da bi, sassa iri ɗaya su ɗauki lamba ɗaya, jerin kuma ya bi wata hujja, kamar matakan haɗawa ko muhimmancin sassan. Bisa al'ada, idan teburin yana zaune a saman akwatin sunan zane, daga ƙasa ake fara ƙirga zuwa sama, domin a sami wurin ƙara layi.

3.0 Inda Matsalar Take

Manhajoji irin su SolidWorks, wadda ta fito a 1995, sukan cike jadawalin da kansu. Sai dai jerin da suke fara bayarwa yakan bi yadda sassan suke jere a cikin fayil ɗin haɗi, wanda galibi shi ne yadda mai zane ya riƙa shigar da su. Manhaja ba ta san abin da ake fara yankawa a rumfa ba.

A ɗauki misalin ƙofar gida mai gudu a kan taya. Idan mai zane ya fara shigar da hannun ƙofa, sannan noti, sannan firam, haka za su fito: 1, 2, 3. Mai walda kuwa da firam yake farawa, sai faranti, sai tayoyi, hannu da makulli su zo a ƙarshe. Yaron da aka aika Panteka sayen kaya shi ma yana buƙatar ya ga bututu a wuri ɗaya, notuna a wuri ɗaya, don kada ya dawo da rabin saƙo.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne bayan gyara. Idan aka cire sashe na 4, manhaja na iya matso da sauran, na 5 ya koma 4. Maigidan rumfa yana riƙe da tsohuwar takarda, ɗan kwangila yana duban sabuwa. Da ya ce a waya a yanka lamba 5 guda shida, sai a yanka abin da ba shi ake nufi ba. Ƙarfen da aka yanke gajere kuwa ba ya komawa tsawonsa, asarar kuma yawanci a kan mai sana'a take faɗawa.

4.0 Hanyoyin Sarrafa Jerin

Hanya ta farko ita ce gyara jerin tun daga fayil ɗin haɗi, ta yadda jadawalin zai gaji tsari mai kyau. Ta biyu, a ware rukunoni: sassan da za a ƙera a rumfa su zo farko, waɗanda za a saya a kasuwa su biyo baya. SolidWorks da Inventor duk suna ba da damar tsara layuka da sake ba su lamba. Ta uku, da zarar takarda ta fita zuwa rumfa, a kulle lambobin. Sashen da aka cire a bar gurbinsa, sabon sashe ya ɗauki lamba ta gaba, a kuma rubuta alamar gyara da kwanan wata a kan sabuwar takardar.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa jerin jadawali hukunci ne da ya rataya a wuyan mai zane, bai kamata a bar wa manhaja ba. Kafin a buga takarda, yana da kyau mai zane ya tambayi mai walda abin da zai fara yankawa, ya ba wannan sashe lamba 1.